Yadda Ake Tara Kayan Yaƙin Basasar Amurka na Jiha Guda

Tun ranar da wasu baƙi suka ga ɗan akwatin gilashin da nake ajiye kayan sojojin Ohio a falo, tambayoyi uku ba su daina zuwa mini ba: a ina ake samun irin waɗannan kaya, nawa ake sayensu, kuma yaya mutum zai gane na gaske daga jabu? Na gaji da amsawa ɗaya-ɗaya, shi ya sa na zauna na jera matakan yadda ni kaina zan bi su da a ce yau nake farawa.

Abu ɗaya kawai za ka riƙe kafin mu shiga. A yaƙin da aka gwabza tsakanin jihohin Arewa da na Kudancin Amurka daga 1861 zuwa 1865, yawancin sojojin jihohi ne suka tara su, suka ba su lamba, suka tura su fagen daga da sunan jihar. Don haka tara kaya jiha-jiha ba son rai ba ne kawai, haka rundunonin suke tun asali, haka kuma takardunsu suke a jere har yau.

1. Zaɓi jiha, sannan ka ƙara matse da'irar

Ka ɗauki jihar da aka haife ka, ko wadda kake zaune, ko wadda 'ya'yanka suke kira gida. Amma jiha ɗaya ma ta yi wa aljihu ɗaya yawa. Niyok, Pennsylvania da Ohio su ne suka fi ba Arewa sojoji, kowacce ɗaruruwan dubbai. Wanda ya ce zai tara "kayan Ohio" kawai, zai wayi gari da tarkacen da ba su san juna ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle ɗari biyu.

Ka matse ta ɗaya daga hanyoyi uku: ƙaramar hukumarka, wato mazajen da suka fito daga yankin da kake, ko rajimanti ɗaya, wato runduna mai lamba ta wajen mutum dubu, ka bi ta tun daga ranar kafa ta har ranar sallama, ko nau'in kaya ɗaya, kamar hotuna kawai ko wasiƙu kawai. Ni ta farko na fi so, domin kamfani guda na soja, wato rukunin wajen mutum ɗari a cikin rajimanti, galibi daga gari ɗaya ko maƙwabtan ƙauyuka aka ɗebo shi, kuma kayansu suna nan suna fitowa daga gidajen yankin.

Hattara: rajimanti mai suna tsada gare ta. Ta 23 ta Ohio ta fitar da shugabannin ƙasa biyu, Rutherford Hayes da William McKinley. Ta 20 ta Maine da ta 54 ta Massachusetts kowa a harkar nan ya san su. Duk abin da ke ɗauke da lambarsu za ka yi gogayya da masu hannu da shuni a kansa, kuma shi ne maƙera jabu suka fi ƙerawa.

2. Koyi karanta sunan rajimanti

Wannan mataki ba a kashe ko sisi a cikinsa, amma a nan sababbi suke fara faɗawa rami.

Rajimantin sojan ƙasa a ƙa'ida mutum dubu ce, kamfani goma, daga A zuwa K, ba a amfani da harafin J. In ka ga an rubuta "Co. J" a jikin wani kaya na sojan ƙasa, ka ajiye shi ka ƙara dubawa, wani lokaci tsohon rubutun I ne ya yi kama da J, wani lokaci kuma wanda ya rubuta ne bai san aikin ba.

Lamba ɗaya kan zama ta rundunoni da yawa. Akwai ta 5 ta sojan ƙasa, ta 5 ta sojan doki, ta 5 ta 'yan igwa, duk a jiha ɗaya. A farkon yaƙi an ɗauki mutane na wata uku kacal, da wa'adin ya cika aka sake kafa rajimantin da lambarta ta da, amma na shekara uku, kuma ba lallai mutanen su zama ɗaya ba. Pennsylvania kuwa ta fi kowa rikitarwa: rundunar da ake wa laƙabi da masu jelar barewa a hula ita ce ta 42, ita ce kuma ta 13 a jerin sojojin ajiya na jihar.

Jihohin kan iyaka sun ba ɓangarorin biyu sojoji. Maryland tana da rajimanti ta 1 a Arewa da ta 1 a Kudu, har suka yi arangama da juna a Front Royal a watan Mayun 1862. Haka Kentucky, Missouri da Tennessee. West Virginia kuma ba ta zama jiha ba sai 20 ga Yunin 1863, don haka takardun sojojinta na farko sunan Virginia ke kansu alhali 'yan Arewa ne.

Sojoji baƙar fata, kusan dubu 180, yawancinsu an mayar da su ƙarƙashin lambar gwamnatin tarayya mai haruffan USCT. Rajimanti ta 127 ta Ohio ita ce ta koma ta 5 a wannan jeri. In ba ka san haka ba, za ka wuce kayan jiharka a kan tebur ba ka gane su ba.

3. Sayi kayan aiki kafin ka sayi kaya

Gilashi mai ƙara girma ninki goma, irin na maƙeran zinariya. Ƙaramin sikeli mai auna giram. Ma'aunin kauri da faɗi mai nuna milimita. Ɗan maganaɗisu. Tocila mai hasken shuɗi-shuɗi irin wadda ake duba takardar kuɗi da ita. Fensir da littafin rubutu. Duka ba za su wuce dala hamsin zuwa saba'in ba.

Sai littattafai, kuma su ne suka fi cin kuɗi. Na maɓallai akwai na Alphaeus Albert, wanda dillalai ke kiran lambobinsa in suna kwatanta maɓalli. Na tarihin rundunoni akwai babban kundin Frederick Dyer na 1908, mai faɗin inda kowace rajimantin Arewa ta je da inda ta yi faɗa. Kusan kowace jihar Arewa ta buga jerin sunayen sojojinta bayan yaƙi, kuma yawancinsu yanzu kyauta ne a intanet. Dokata ita ce: duk nau'in kayan da ban mallaki littafinsa ba, ba na sayen wanda ya wuce dala hamsin a cikinsa.

4. Fara da masu araha, ka hau a hankali

Farashin da zan faɗa ƙiyasi ne na abin da akan gani, yana hawa yana sauka da lafiyar kayan da kuma wanda ya mallake shi.

Harsashin dalma da aka tono, mai zobe uku a gindi, 'yan daloli ne. Maɓallin rigar soja mai hoton gaggafa na gama-gari, dala goma sha zuwa 'yan gomomi. Ambulan mai zanen kishin ƙasa da hatimin gidan waya na garinku, ko kwabon tagulla da 'yan kasuwa suka buga da sunan shagonsu da garinsu lokacin da canji ya yi wuya, su ma 'yan gomomi. Hoton sojan da ba a san sunansa ba, daga hamsin zuwa ɗari da wani abu. In an san sunansa da rundunarsa, ya ninka. Ƙarfen bel mai siffar ƙwai da haruffan US, 'yan ɗaruruwa. Bindigar Springfield ko Enfield mai lafiya, dubu ɗaya da rabi zuwa uku. Kayan Kudu kuwa, saboda ƙarancinsu, maɓalli ɗaya kan kai ɗaruruwa, ƙarfen bel dubbai.

Ga abin da ba a cika gaya wa sabon shiga ba: mafi yawan sojojin Arewa maɓallin gaggafa da bel ɗin US suka sa, ba na jiha ba. Kayan da aka buga tambarin jiha a jikinsu kaɗan ne: bel mai SNY na Niyok, OVM na Ohio, VMM na Maine, maɓalli mai kalmar Excelsior na Niyok, mai dabinon palmeto na South Carolina, mai tsuntsun kwasakwasa na Louisiana, mai tauraro na Teksas. In ka nace sai mai tambari, aljihunka zai ƙare da wuri. Abin da ke ɗaure kaya da jiha a mafi yawan lokaci sunan mutum ne.

Hanya mafi sauƙi ta cika akwati da kayan jiha na gaske ita ce kayan 'yan mazan jiya. Tsofaffin sojojin Arewa sun kafa ƙungiyar GAR a Decatur ta Illinois a 1866, ta rayu har 1956 da mambanta na ƙarshe ya rasu. Jiha-jiha aka tsara ta, kowane gari da reshensa mai lamba, kuma kowane taro sai an buga ƙyallen ratayawa a ƙirji da sunan gari da rajimanti da shekara. 'Yan Kudu sun kafa tasu, UCV, a New Orleans a 1889. Waɗannan ƙyallaye da lambobi galibi 'yan gomomin daloli ne, kuma ba a cika wahalar da kai wajen ƙera jabunsu ba.

Hattara: kayan tsofaffin sojoji ba kayan yaƙi ba ne. Riga shuɗiya mai maɓallan GAR ta bayan yaƙi ce, kada a sayar maka da ita a farashin ta fagen daga.

5. Inda ake saye

Baje-kolin kayan yaƙi ya fi komai ga mai koyo, domin gani ya kori ji. Akwai na Mansfield a Ohio cikin watan Mayu, na Gettysburg a ƙarshen Yuni, na Franklin a Tennessee cikin Disamba. Zuwanka na farko ka je da kuɗin shiga da na abinci kawai. Ka nemi izini ka ɗauki kaya a hannu, ka ji nauyinsu, ka juya bayansu, ka yi tambaya. Dattawan harkar suna son mai tambaya, kuma awa ɗaya a gaban teburin mai maɓallai ta fi wata ɗaya a gaban kwamfuta.

Dillali na ƙwarai shi ne wanda zai rubuta a rasit cewa kayan na zamanin yaƙi ne, kuma in aka tabbatar ba haka ba zai mayar maka da kuɗinka. Wanda ya ce "ni dai haka na same shi, ban san komai a kai ba" alhali ya sa masa farashin na gaske, ka yi masa sallama.

Gidajen gwanjo irin su Heritage da Rock Island suna fitar da manyan kaya. Ka tuna cewa a kan farashin da aka buga guduma ana ɗora ladan gida, galibi kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, ga haraji ga kuɗin aikowa. Wanda ya ci gwanjo a dala dubu ya shirya biyan kusan dubu da ɗari uku.

Gwanjon kayan gida bayan rasuwa, a yankin da kake tarawa, shi ne inda akan yi gamon katar: takardar sallama, hoto da lambar GAR na mutum ɗaya, duk a kwali guda. In ka samu haka ka saye su tare, kada ka yarda a raba.

Shafukan saye da sayarwa irin eBay kuwa cinikin biri a sama ne ga wanda idonsa bai buɗe ba. Takardu da ƙyallayen taro ba laifi. Bel ɗin jiha da kayan Kudu, a'a.

6. Duba kaya a hannu

A nan zan daɗe, domin a nan kuɗi ke tafiya.

Ka fara sanin cewa jabu ma ya tsufa. Lokacin bikin cika shekara ɗari, daga 1961 zuwa 1965, an ƙera kwaikwayo masu ɗimbin yawa, yanzu sun haura shekara sittin, sun yi duhu sun yi tsatsa da kansu. Kafin su ma, dillalin rarar kayan soja Francis Bannerman na Niyok ya yi shekaru yana sayar da kayan yaƙin, har da waɗanda aka harhaɗa daga sassa dabam-dabam. Don haka "a gidan kakana na same shi" ba hujja ba ce, ko da mai faɗar yana da gaskiya.

Maɓalli: ka juya bayansa. A can maƙeri ke buga sunansa, irin su Scovill na Waterbury ko Horstmann na Philadelphia, kuma salon rubutun ya yi ta canzawa da shekaru. Jihohi sun ci gaba da yin odar maɓalli mai tambari iri ɗaya har bayan yaƙi da shekaru masu yawa, don haka gaban ba ya faɗin shekara, baya ne ke faɗi. Ka gwada da littafinka harafi-harafi.

Ƙarfen bel: na Arewa mai siffar ƙwai siririyar tagulla ce da aka buga a mazubi aka cika bayanta da dalma. Ka auna tsawo da faɗi da nauyi ka kwatanta da na littafi. Jabun da aka zuba daga jikin na gaske yakan ɗan gaza a girma, haruffansa su yi laushi kamar sabulun da aka soma wanka da shi. Kore-koren tsufa na gaske yana manne, yana bambanta daga lungu zuwa lungu. Na sinadari yakan zama launi ɗaya shafe, wani lokaci har yana ɓarewa da farce ko yana warin tsami. Ni kaina a shekarata ta biyu na sayi bel mai OVM a wata kasuwar tsofaffin kaya da farashin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa ba, ina murna na ci riba. Wani dattijo a baje-koli ya ɗora shi a tafin hannu, bai ko ɗauko gilashi ba ya miƙo mini yana murmushi. Yana nan na ajiye, ina danne takardu da shi.

Alamar hula: a lokacin yaƙin, alamar sojan ƙasa ƙahon farauta ce. Bindigogi biyu a gicciye sai 1875 aka soma. Wannan kaɗai ya ishe ka watsar da hulunan da yawa. Alamomin manyan rundunonin gabas kuma, da'ira, ganye mai kunne uku, lu'u-lu'u, jinjirin wata, tauraro, a 1863 aka shigo da su, ja na sashe na ɗaya, fari na biyu, shuɗi na uku. In an ce sojan ya mutu a 1862 ga kuma alamar a hularsa, labarin ya karye.

Hoto: iri uku ne. Na gilashi, na kan siririn ƙarfe wanda maganaɗisu ke kamawa, da na takarda da aka manna a ɗan kati mai girman tafin hannu. Na ƙarfe a juye yake fitowa kamar a madubi, don haka haruffan bel sukan bayyana a birkice. Wannan ba aibi ba ne. Katin zamanin yaƙi siriri ne, kusurwoyinsa a miƙe, sau da yawa da layi biyu na ruwan zinariya a gefe. Mai kauri da zagayayyun kusurwoyi na baya ne. In akwai kan sarkin haraji a baya, an ɗauke shi tsakanin Agustan 1864 da Agustan 1866, lokacin da aka ɗora wa hotuna haraji. Sunan mai hoto da garinsa a bayan katin shi ke nuna jiha, amma kada ka rantse a kai: soja kan ɗauki hoto a Washinton ko Nashville yana kan hanya. Sunan da aka rubuta da tsohuwar tawada mai launin ƙasa-ƙasa ya fi wanda aka rubuta da fensir daraja, na biro kuwa ra'ayin wani jika ne kawai.

Takarda: ka haska mata tocilar nan a duhu. Takardar zamani tana ƙyalli fari-shuɗi, ta wancan lokacin ba ta yi. Rashin ƙyalli ba ya wanke ta, domin masu wayo suna yago fararen shafuka daga tsofaffin littattafai. Kuɗin Kudu na gaske galibi da hannu aka sa musu hannu da lamba, tawadar ta koma ruwan ƙasa, wani lokaci ta ci takardar. Masu kauri, masu launin shayi, masu ƙaras-ƙaras, tsarabar shagunan yawon buɗe ido ce. Jaridu biyu an sake buga su ba adadi: New York Herald ta 15 ga Afrilun 1865 mai labarin kisan shugaban ƙasa Lincoln, da Daily Citizen ta Vicksburg da aka buga a bayan takardar adon bango a Yulin 1863. Ka ɗauka kwafi ne har sai masani ya ce ba haka ba.

7. Bi sawun mai kayan

Wannan shi ne daɗin harkar, kuma shi ke mayar da gorar ruwa ta dala ɗari biyu abin da ake rububi.

Da ka samu suna, ka fara da rumbun sunaye na Hukumar Gandayen Ƙasa ta Amurka, mai ɗauke da sojojin ɓangarorin biyu, kyauta a intanet. Zai ba ka rajimanti da kamfani da muƙami. Ka gwada rubutun sunan ta hanyoyi da yawa, domin akawunan soja yadda suka ji suke rubutawa. Daga nan ka buɗe jerin sunaye na jihar: shekarunsa, ranar shigarsa, ko ya ji rauni, ko an kama shi, ko ya gudu.

Sai Ma'ajiyar Takardun Ƙasa da ke Washinton. Abu biyu ake nema: takardun aikinsa, da fayil ɗin fanshonsa. Na farko da fom NATF 86 ake nema, na biyu da NATF 85, kuma a 'yan shekarun nan kuɗinsu dala 30 ne da dala 80. Shafin Fold3 mai biyan kuɗi yana da wasu daga ciki. Fayil ɗin fansho shi ne taska: shaidar likita, takardar aure, sunayen 'ya'ya, rantsuwar abokan yaƙi, wani lokaci har wasiƙun da ya aiko wa mahaifiyarsa, waɗanda ta miƙa don ta nuna shi ke ciyar da ita. A nan za ka ga sa hannunsa ka kwatanta da rubutun da ke jikin kayanka.

Hattara: gwamnatin tarayya ba ta biya sojojin Kudu fansho ba a wancan zamani, jihohinsu ne suka biya, kuma jihar da mutum ya zauna bayan yaƙi, ba wadda ya yi wa aiki ba. A ma'ajiyar waccan jihar za ka nema.

Hattara ta biyu: suna ɗaya ba mutum ɗaya ba ne. In an sassaƙa "J. Miller" a gorar ruwa ba lambar runduna, masu wannan suna sun fi a ƙirga, kuma dillali zai zaɓo maka wanda ya mutu a shahararren faɗan Gettysburg. Kada ka biya kuɗin suna sai akwai abu na biyu da ke ɗaure shi.

Kuma runduna ba kullum take faɗin asalin mutum ba. Baƙar fata da yawa daga Ohio sun tafi Massachusetts suka shiga ta 54 da ta 55, domin can ta riga Ohio buɗe musu ƙofa. A cikin ta 55 ɗin akwai Nicholas Said, haifaffen Kukawa ta Borno, wanda bauta da yawon duniya suka kai shi har Detroit, ya shiga soja a 1863 ya kai saje. Mai tara kayan Michigan da mai tara na Massachusetts duk suna da hujjar cewa nasu ne.

8. Bindiga, takobi da harsashin igwa

A dokar tarayya, bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan kayan tarihi ce, ba a bi da ita yadda ake bi da ta zamani. Amma jihohi da birane suna da nasu dokoki, wasu masu tsauri, don haka ka duba na inda kake kafin a aiko maka.

Duk tsohuwar bindigar ɗuri ka ɗauka a ɗure take. Ka zura sandar ɗurin a bututu, ka yi alama, ka fito da ita ka gwada ta waje. In ba ta kai gindi ba, akwai abu a ciki, sai maƙerin bindiga. Ka duba shekarar da ke jikin kunamar da ta kan bututu ko sun yi kusa, ka nemi hatimin mai duba kaya a katako. Wasu jihohi sun buga alamarsu: N.J. na New Jersey, OHIO a gindin katako. Ka sani kuma akwai kwaikwayon Italiya da masu wasan kwaikwayon yaƙi ke goge musu tambarin zamani.

Harsashin igwa kuwa ba abin wasa ba ne. Albarushin ciki ba ya mutuwa don ya shekara ɗari da sittin. A 2008 wani gogaggen mai tarawa a Virginia ya rasa ransa yana gyaran ɗaya a ƙofar gidansa. Kada ka huda, kada ka goge da inji, kada ka kai kusa da wuta. Ka sayi wanda masani ya riga ya kwance, da shaida a rubuce. In ka tsinci ɗaya a fili, ka bar shi inda yake ka kira hukuma.

Abu biyu ba a sayensu ko an yi maka tayi. Lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka, doka ta hana cinikinta. Takardun gwamnati da tutocin rajimanti kuma, jiha na iya cewa nata ne ta karɓe: kwafin dokar 'yancin ɗan ƙasa na North Carolina da wani sojan Arewa ya ɗauke daga Raleigh a 1865, hukumar FBI ta ƙwato shi a 2003.

9. In kana son tono da kanka

A filayen yaƙi da ke hannun gwamnatin tarayya, riƙe na'urar gano ƙarfe a haɗe ma laifi ne, balle tono. Dokar kare kayan tarihi ta 1979 ta tanadi tarar da ta kai dala dubu 20 da ɗaurin shekara biyu in darajar abin ta wuce dala 500, kuma ana ƙwace kayan aiki. Filayen jiha su ma galibi a hane suke. Abin da ya rage gonakin mutane ne, da izinin mai gona a rubuce da yarjejeniyar wa zai riƙe abin da aka samu. Ka cike ramin da ka haƙa. In ƙashi ya fito, ka tsaya nan take ka sanar.

10. Ajiya

Kada ka goge komai. Man goge tagulla a kan maɓalli gyaran gangar Auzinawa ne, minti biyu ya zubar da rabin kuɗinsa. Burushi mai laushi ya isa. Fata ba a shafa mata mai, yana sa ta yi baƙi ta yi laushin ruɓewa. Hoton ƙarfe da na gilashi ba a taɓa fuskarsu ko da auduga.

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa da saman silin duka a guje su. Laimar ɗaki ta tsaya wajen kashi 40 zuwa 50, ba hasken rana kai tsaye. Takardu a shimfiɗe cikin jakar da ba ta da sinadarin tsami, ba salatif, ba mannewa da leda mai zafi. Ƙyallayen siliki a kwance, domin in an rataye su tsagewa suke yi. Dalma ba ta shiri da katakon oak, tururinsa na mayar da ita gari; farin ƙurar da ke jikinta kuma guba ce, ka wanke hannu, ka nisanta ta da yara. Ulu kuwa asu ne maƙiyinsa: sabon shigowa ka ɗaure shi a leda ka sa a firiza na mako guda kafin ya haɗu da sauran.

11. Littafin rajista

Kowane kaya ka ba shi lamba ranar da ya shigo. Ka rubuta lambar a ɗan kati ka ɗaura da zare, ba a jikin kayan ba. A littafi ka sa ranar saye, wurin wa, nawa, awonsa, abin da mai sayarwa ya faɗa da abin da kai ka tabbatar, a layi dabam-dabam, kada su gauraya. Ka ɗauki hoton gaba da baya. Rasit, tsohuwar takardar da ta zo da kayan ko da yagaggiya ce, da kwafin fayil ɗin fansho, duk su shiga ambulan ɗaya mai wannan lambar.

In tarin ya haura 'yan dubban daloli, ka tambayi kamfanin inshorarka, domin inshorar gida ta yau da kullum takan sa iyaka a kan irin waɗannan kaya da bindigogi, sai an ƙara musu shafi na musamman. Kwafi ɗaya na littafin ya zauna a wajen gida, kuma wani a iyalinka ya san inda yake da sunan dillalin da ka yarda da shi.